Fitila a Ramin Tanki

Hular kwanon da aka ba ni ranar da na kama aiki ta yi mini girma. Na ɗora ta a kan hijabina, na ja igiyarta har ta matse mini haɓa, na ratsa tsakar kamfanin ban kalli kowa ba. Kafin in isa ofis ma'aikata sun riga sun raɗa mini suna: Hajiya Kwano. Ban taɓa zuwa Makka ba, su ma sun sani.

Sunana Ramla Yari, 'yar Ƙofar Marusa. Na karanta injiniyancin sinadarai, ni ce ta ɗaya a ajinmu, kuma ba na jin kunyar faɗa. Wani kamfanin lemo ne a bayan gari ya ɗauke ni in riƙa duba duk abin da zai iya raunata ma'aikaci ko ya kashe shi, in rubuta, in faɗi yadda za a kauce masa. Ofishina wani lungu ne a cikin sito, tsakanin kwalayen murafe da tsofaffin tayoyi. Ban yi ƙorafi ba. Na share wurin, na kawo kujera daga gida.

Abu mafi girma a kamfanin shi ne tankin gas. Fari ne, a tsaye, ya kusa kai hasumiyar masallacin unguwarmu tsawo. A cikinsa ake ajiye iskar da ake ɗura wa lemo, wadda ke sa shi kumfa da cizon maƙogwaro. A makaranta kabon dayoksayid muke kiranta, a nan kuwa gas kawai ake cewa. A cikin tanki ruwa-ruwa take, an danne ta da ƙarfi, sanyinta ya wuce na ƙanƙara nesa ba kusa ba. Ba ta kama wuta, kashe wuta ma take yi, shi ya sa kowa ya raina ta. Amma ba ta da launi, ba a jin warinta, kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi. Idan ta sami kafar fita, gangarawa take yi kamar ruwa, ta nemi wuri mafi ƙasa ta kwanta. Wanda ya kwanta a cikinta ba ya sanin lokacin da barcinsa ya zarce.

A gindin tankin akwai wani rami na siminti mai tsanin ƙarfe, zurfinsa ya fi tsayin mutum. Ta nan bututai suka bi kafin su shiga ɗakin injuna.

A satina na uku, bayan azahar, na zagaya bayan tankin na tarar da takalma ƙafa bakwai jere a bakin ramin, kamar a ƙofar masallaci. Na leƙa. An jera bulo, an ɗora katakai a kai daidai gwiwa saboda ƙasan ramin kullum a jiƙe yake, an shimfiɗa tabarmi. Maza bakwai suna kwance suna hutun rana. An ɓare soson da aka naɗe babban bututun da shi, ƙarfen ya yi fari fat da ƙanƙara, an jingina masa gorunan ruwa da kwanon fura. Jarkoki biyu na zoɓo kuma an rataye su da igiya a jikin bututun, daidai mahaɗarsa.

"Ku fito!" na ce. "Yanzu-yanzu!"

Wanda ya fara ɗago kai shi ne Malam Babaji, mai kula da tankin. Dattijo ne siriri mai furfura a gemu, daga wani ƙauye ta wajen Kaita ya taso, yana zaune a Kambarawa. Shekararsa ashirin da ɗaya da tankin nan.

"Sannu da aiki, Hajiya Kwano," in ji shi. "Ina gajiya? Ya zafi? Sauko ki sha iska. Wanga wuri firjin talaka ne."

"Baba, wannan ramin kabari ne da ba a rufe ba."

"A'uzubillahi! Daga gaisuwa sai kabari?" Ya tashi zaune yana gyara hularsa. "Ɗiyata, ni ɗan gidan maginan rijiya ne. Ina shekara sha biyar na shiga rijiya gaba ashirin da biyu. Wanga ɗan ramin, da ko akuya ta faɗa sai ta fito da kanta, shi zai ba ni tsoro?"

Sauran suka yi dariya, suka koma suka kwanta.

Kwana huɗu na yi ina rubuta rahoton tantance haɗari, shafi goma sha huɗu. Na bi tankin daga sama har ƙasa: ma'aunin matsi, bawul ɗin da ke sakin iska idan matsi ya yi yawa, wurin da mota ke tsayawa ta yi ɗuri, da kowace mahaɗar bututu. Kowane abu na yi masa tambaya biyu: yaya yiwuwar ya ɓaci, kuma idan ya ɓaci wa zai taɓa? Mai sauƙi na shafa masa kore, matsakaici rawaya. Ramin kaɗai na shafa wa ja.

Na kai wa manaja, Injiniya Abbas. Ya buɗe, ya duba launukan, ya rufe.

"Aiki ya yi kyau, Malama Ramla. Turanci kamar a littafi."

"Ba yabo na zo nema ba, ranka ya daɗe. A tsayar da aiki yini ɗaya, a gwada mahaɗar nan, a rufe ramin."

"Azumi saura kwana tara. Kin san yadda garin nan ke shan lemo da azumi? Ki bari sai bayan sallah."

"Gas ɗin ya san da sallah?"

Ya cire tabarau ya dube ni. "Shekara nawa suna kwanciya a wurin? Wa ya mutu?"

"Sai an mutu za ka karanta shafi na tara?"

Ya ce in ja masa ƙofa idan na fita. Na ja ta da ƙarfi.

Na rubuta allon gargaɗi da jan fenti na kafa a bakin ramin. Kashegari na same shi a ƙasa, an mayar da shi faifan rufe fura. Na sa sarƙa da kwaɗo a kan tsanin, na manta duk makullan bayan kamfanin a aljihun Malam Babaji suke, har da na ajiya. Na matsa wa ofis lamba sai da aka kawo mini 'yar na'urar hannu mai auna gas daga Kano. Ranar da ta iso na tafi da ita ina taƙama, na ɗaura mata zare na zura ta kusa da tabarminsu. Ta fara kuka, ƙit-ƙit-ƙit.

"Kun ji ko?" na ce.

Salisu, direban motar ɗaukar kwalaye, ƙato ne mai son raha. Ya kama na'urar, ya jujjuya ta, ya kai ta bakinsa ya hura mata iska. Ta ƙwala ihu fiye da na farko.

"Allahu akbar!" in ji shi. "Ashe bakina ma haɗari ne! Hajiya Kwano, a rubuta ni a ja."

Har da masu riƙe ciki don dariya. Na yi ƙoƙarin bayyana musu cewa numfashin mutum ma yana ɗauke da wannan iskar, shi ya sa. Wannan ya ƙara ɓata lamarin.

"To ka ji," in ji Malam Babaji. "Abin da ke cikin cikinmu tun haihuwa, shi za shi kashe mu? Ɗiyata, ki je ki huta."

Azumi ya kama cikin tsananin zafi, irin wanda kwalta ke laushi a ƙarƙashin takalmi. Takalman bakin ramin suka tashi daga ƙafa bakwai zuwa goma sha ɗaya. Jarkokin ruwan buɗa baki suka ƙaru a jikin bututun. Ni kuma kullum bayan azahar ina tsaye a bakin ramin, cikin rana, da azumi a bakina, hular kwano tana dafa mini kai. In zura na'ura, in rubuta abin da ta nuna, in ce su fito, su ƙi. Ban fasa ko rana ɗaya ba. Suna ce mini mai gadin maƙabarta. Wani ya taɓa miƙo mini lema don tsokana, na karɓa na buɗe, na ci gaba da tsayuwata.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne lambar tana hawa. Kaɗan-kaɗan, amma ba ta taɓa sauka ba. Suna fitowa suna dafe kai, suna haki kamar sun yi gudu. In na yi magana su ce azumi ne. Na sake kai rahoto sau biyu. Na biyun ma sakatare ce ta karɓa.

Ranar sha ɗaya ga azumi na koma gida, aka kira magariba, na zauna ina juya dabino a hannu ban kai baki ba. Mahaifiyata, Inna Delu, ta ajiye ludayin kunu ta dube ni.

"Ke da wa kuma?"

Na kwashe duka na faɗa mata, har da bakin Salisu. Ta yi dariyar wannan, na ji haushi.

"Shi dattijon, kin ce ɗan maginan rijiya ne?"

"Haka yake taƙama."

"To ai kin gama. A garinmu ba a shiga tsohuwar rijiya sai an zura fitila tukuna. In ta mutu, ko sarki ne ya yi umarni ba mai sauka. Duk ɗan magina ya san wannan tun kafin ya san karatun sallah."

"Inna, ina da na'urar da ta fi fitila sau dubu. Fitila sai abu ya yi muni ƙwarai take mutuwa. Ban yi shekara biyar a jami'a don in koma zura fitila a rami ba."

"Na'urar taki ta fito da mutum nawa?"

Na kau da kai.

"Girman kan nan na ubanki ne, Allah ya jiƙansa," in ji ta. "Sha kununki."

Da safe na tarar ta fito da tsohuwar fitilar ƙwai daga ƙarƙashin gado, ta goge gilashin, ta zuba kananzir, ta ajiye kusa da takalmina. Na tsallake ta na fita har ƙofar gida. Sai na dawo na ɗauka, na naɗe ta a leda don kada mai Keke ya gani.

Bayan azahar na riga su zuwa. Na tsaya a kan tsanin na tare hanya, fitila a kunne a hannuna, na ɗaura mata igiya. Suka taho a jere, tabarmi a hammata.

"Yau kuma mi ne ne?" in ji Salisu. "An ɗauke wuta a ofishin sito?"

Ban kula shi ba. Na miƙa wa Malam Babaji igiyar.

"Baba, ka ce kai ɗan maginan rijiya ne. Mahaifinka yana shiga rami bai zura wuta ba?"

Murmushin fuskarsa ya tsaya. Ya dubi fitilar, ya dube ni. Sannan ya ajiye tabarmarsa, ya tuɓe takalmi, ya karɓi igiyar. Ya durƙusa a bakin ramin ya yi bismilla. Yadda yatsunsa ke sakin igiyar a hankali, taƙi bayan taƙi, ya nuna hannun ya san aikin.

Fitilar ta wuce bakin ramin tana ci sosai. Ta wuce rabin tsanin. Da ta kai daidai katakan da suke kwanciya, harshen wutar ya ƙanƙance, ya yi ja, ya fara rawa. Malam Babaji ya matsar da ita gefen katakan, ya ƙara saki kaɗan. Ko taƙi ɗaya ba ta yi ƙasa da katakan ba, ta mutu. Ba iska, ba girgiza. Ta mutu kamar an tsoma ta a ruwa.

"Lagwanin ne," in ji wani daga baya.

"Yi mani shiru," in ji Malam Babaji.

Ya jawo ta, ya ƙulla igiyar daidai inda ta tsaya a bakin siminti, ya karɓi ashana a hannuna ya sake kunnawa. Ya koma ɗaya kusurwar ya zura. Ta mutu a ƙullin. Ya sake na uku a ƙarƙashin jarkokin zoɓo. Wannan karon ba ta ma kai ƙullin ba.

Ya zauna daɓas a ƙasa, igiyar a cinyarsa.

"Sau uku ake yi," in ji shi, ba da kowa yake ba. "Yayana Ado ko sau ɗaya bai yi ba. Rijiyar gidan liman ce, ya ce ai jiya ma ya shiga. Da ƙugiya muka fiddo shi." Ya shafa gemunsa. "Ashe shekara da shekaru bisa bakin irinta nike kwana."

"Ba haka take da ba, Baba," na ce. "Mahaɗar ce ta fara yoyo, kullum tana ƙaruwa. Ruwa ne da ba a gani, yana cika ramin daga ƙasa. Yau ya kusa taɓa tabarmi. Gobe ko jibi zai rufe ta."

Salisu ya taka tsanin. "To bari in ɗauko zoɓona kawai, minti ɗaya..."

Ban san dattijon yana da wannan ƙarfin ba. Ya cafko wuyan rigarsa ya fizgo shi baya har ya faɗi zaune.

"Don ubanka, zoɓo! In ka sunkuya ɗaukarsa, wa zai sauka ya ɗauko ka? Ba mai shiga. Na rantse ba mai shiga!"

Ya miƙe, ya tafi gindin tankin, ya kama babban bawul da hannu biyu ya murɗa har ya ƙure. Cikin ɗan lokaci ƙarar injuna ta canja, layin cika kwalabe ya tsaya. Ban umarce shi ba, ba ni da ikon hakan. Amma na je na tsaya kusa da shi, don in an zo a same mu tare.

Injiniya Abbas ya taho da sauri, sakatare na bin sa.

"Wa ya rufe gas? Malama Ramla, ke ce? Yau za ki bar kamfanin nan!"

"In bari, ranka ya daɗe. Amma ka fara kallon wannan."

"Ni na rufe," in ji Malam Babaji. "Shekara ashirin da ɗaya ban taɓa rufe shi ba sai da izini. Taho ka gani, Injiniya."

Ya kunna fitilar ya zura a gabansa. Manaja ya sunkuya yana kallo, hannayensa a gwiwa. Da wutar ta mutu, ya ɗago ya dubi ma'aikatan da ke tsaye da tabarmi a hammata, kamar yana ganinsu karo na farko.

"Shafi na nawa kika ce?"

"Na tara."

"Kawo mini shi. A kira masu gyara."

Yini ɗaya da rabi aka yi ba aiki. Aka kawo fanka mai dogon bututu ta zuƙe ramin, na auna da na'urata har ta yi shiru, sannan masu gyara suka sauka. Suka tarar robar da ke tsakanin mahaɗar ta tsage, nauyin jarkoki ya karkatar da bututun. Aka canja, aka sake naɗe shi da soso, aka yi wa ramin murfin raga na ƙarfe.

Na gaya wa Malam Babaji gaskiya a gaban kowa: fitila tana makara. Mutum zai iya galabaita tun wutar tana ci, na'ura kuwa tun da wuri take kuka.

"To a kafa babbarta a nan, ta zauna," in ji shi. Da aka kawo babbar na'ura mai ƙararrawa, masu haɗawa suka so su ɗaure ta a sama inda ya fi musu sauƙi. Kafin in buɗe baki ya hana su. Ya nuna musu can ƙasa, kusurwar da wuta ta fara mutuwa.

Ina tattara takarduna a ranar sai ya tare ni.

"Ɗiyata, kin hana mu rami, kin kyauta. To ina za mu sa ruwan buɗa baki? Ina za mu miƙe baya? Mutum shina aiki gaban inji tun safe, da azumi, cikin wanga zafi."

Na buɗe rahotona a tsaye. Shafi goma sha huɗu, na auna komai, ban rubuta ko layi ɗaya a kan abin da ke kai su ramin ba. Kunya ta kama ni, amma ban bari ya gani ba. Na koma sito na rubuta shafi na goma sha biyar, na kai wa manaja da hannuna. Wannan karon bai ce in ja ƙofa ba. Aka ba su wani lungu a ɗakin sanyi su riƙa ajiye ruwansu, aka kafa rumfa a ƙarƙashin darbejiyar da ke bakin masallacin kamfani, aka ja mata wuta aka sa fanka biyu. Salisu ya ce sanyin bai kai na rami ba. Malam Babaji ya ce na kabari ma ya fi, in yana so.

Ciwon kan ya tafi, azumi kuwa bai tafi ba. Ba wanda ya ce mini komai a kan wannan, ni ma ban tambaya ba. Amma ana jibi sallah, na shiga sito na tarar da gorar zoɓo mai raɓa a kan teburina, an rubuta a jikinta da biro: Hajiya Kwano.

Har yanzu da sunan suke kirana. Na sa an rage wa hular igiya, ta zauna daidai. Manaja ya ce bayan sallah in fara duba ɗakin tukunyar tururi, na ce masa na riga na fara.

Inna ce kawai ba ta gamsu ba. Ta tambaye ni fitilarta har sau uku. Na je wurin Malam Babaji in karɓa, na same ta a rataye a ƙusa kusa da babban bawul, da igiyarta da ƙullinta.

"Ki ce wa Innarki ta yi haƙuri," in ji shi. "Duk sabon ma'aikacin da aka kawo, sai na ba shi labarinta kafin ya taɓa komi a nan. In tana son fitila, ni zan sai mata sabuwa."

Na faɗa wa Inna. Ta ce ba ta son sabuwa, a gaya masa ya riƙa goge gilashin.